Shekarar da Aka Canja Batir

Ba zan rantse a kan kowace kalma da ke cikin wannan babi ba. Shekaru sun ja, ni kuma tun da hawan jini ya kama ni nake lura wasu abubuwan suna sauya wuri a kaina, abin da ya faru da damina sai in tuna shi da rani. Amma gundarin maganar ina jin ban ɓatar da shi ba, kuma dole ce ta sa na rubuta. A bikin da aka yi kwanakin baya a gidanmu na Dutse Uku, ɗaya daga cikin 'ya'yan Yaya Auwalu ya ce wa 'yata Amina, a gaban mutane, wai babanta ne ya goge Kawu Nasiru da kwamfuta. Ta dawo gida ta tambaye ni, na rasa ta inda zan fara. To, ku 'ya'yana, ga yadda na san abin.

Mu huɗu Inna ta haifa: Yaya Auwalu, sai ni, sai gwaggonku Hajara, sai autanmu Nasiru, wanda ba ku riske shi ba. Da sikila aka haife shi. Duk wanda ya san sanyin Jos ya san abin da yake yi wa mai wannan ciwo. Yaran unguwa suna ƙwallo a fili, shi yana ɗaki naɗe da bargo, gaɓoɓinsa suna sara. Babanmu tela ne, ba mai hali ba, amma wata rana ya dawo daga kasuwar gwanjo da na'urar gem irin ta da, wadda ake jona wa talabijin a cusa mata kaset ta sama. Kaset ɗin da suka zo da ita na faɗa ne da na tseren mota, sai guda ɗaya na tafiya: wani ɗan mutum ne yake yawo gari zuwa gari, yana shiga dazuzzuka da koguna, kuma kai ne za ka raɗa masa suna. Nasiru ya sa masa nasa. Wannan kaset ɗin yana iya riƙe inda ka tsaya, ko an ɗauke wuta, ko an yi wata ba a kunna ba. Shekaru ya yi a kansa, domin ba ya jin Turancin da mutanen cikin suke yi sosai, lalube yake, ga kuma kwanakin asibiti da ke katse shi. Inna takan zauna a gefensa tana tsince shinkafa, ba ta fahimtar komai, amma ta san in ɗan mutumin ya faɗi, Nasiru zai ja tsaki.

Ya rasu bai kai ashirin ba. Bayan an share makoki, Hajara ta kunna na'urar ba da wata manufa ba, sai ga sunan a allo, ta danna, sai ga ɗan mutumin tsaye a ƙofar wani ɗan gida a bakin rafi, inda Nasiru ya bar shi. Inna ta shigo ta gani. Daga ranar ya zama al'adar gidanmu. Ba kullum ba, wani lokaci sai a yi makonni, amma in abin ya taso mata sai ta ce,

“A kunna min yaron nan.”

Sai a kunna, ta zauna ta dube shi na ɗan lokaci, ruwan rafin yana motsi, ɗan kiɗan yana tashi, sannan ta ce a kashe. Doka ɗaya ce: ba a motsa shi. Jikan da ya kai hannu ga abin dannawa ya sha rankwashi. Wata ƙanwar Baba ta taɓa cewa wannan ba addini ba ne, addu'a mamaci yake buƙata. Inna ta ce addu'a tana yi, kuma ba ta ce shi ne ba, ta ce dai a nan ya ajiye shi da hannunsa. Ba a sake tayar da maganar ba. Haka aka yi shekaru masu yawa, har Baba ya rasu, har na gama jami'a a fannin kwamfuta, na sha zaman jiran aiki, na samu na kula da kwamfutocin wata makarantar sakandare, na yi aure na koma Daɗin Kowa.

A wurin aikin ne na fara sanin abin da ake kira emuleta. Manhaja ce da take sa kwamfutar zamani ta kwaikwayi tsohuwar na'urar gem, ta yi kamar ita ce, har ta karɓi wasannin da aka kwafo daga tsofaffin kaset. Na sa ta a laftof ɗina, na nemo wasan Nasiru, ya buɗe tsaf, kiɗan nan ya tashi a ofis har sai da na rufe ƙofa. Amma babu sunansa, don wasan kawai aka kwafo, ajiyar kowa tana cikin nasa kaset ɗin. Da na ci gaba da karatu a kan abin sai gabana ya faɗi. Ashe abin da ke riƙe ajiyar wani ɗan batir ne a cikin kaset ɗin, kamar na agogon hannu, kuma shi ke ba ta 'yar wutar da take rayuwa da ita dare da rana. Ranar da ya mutu, ko aka cire shi ko da na ƙiftawar ido ne, komai ya tafi. Namu kuwa ya riga ya wuce shekarun da aka ce irinsa yana yi. Akwai mafita: wata 'yar na'ura da ake cusa mata kaset a jona da kwamfuta, ta kwafe ajiyar, daga nan sai a adana ta a wurare da yawa, emuleta ta riƙa buɗe ta har abada. Ba a samunta a Jos. Na roƙi wani abokina da ke sayo kaya daga waje ya taho min da ita.

A nan ne ake cewa na yi sanyin jiki, kuma zan faɗi abin yadda yake. Na ɗauki lokaci kafin in zaɓi wadda za a sayo, saboda na karanta cewa wasu irinta kan lalata ajiyar garin kwafa. Na so in tabbatar. Na so kuma in fara gwadawa a kan wani kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Har yau ban ga laifin wannan ba, ko da yake na san wani zai gani. Abin da na yi kuma shi ne na je gida ranar wata Juma'a na yi wa Yaya Auwalu da Hajara bayani a tsakar gida, ba a gaban Inna ba. Yaya direba ne tun yana saurayi, a lokacin yana da motocinsa da ke lodi a Tina Junction, mutum ne da ba ya son dogon zance. Ni kuwa Allah ya yi ni da dogon zance. Na ce wataƙila batirin ya kusa mutuwa, mai yiwuwa ya ƙara shekara, mai yiwuwa ba zai kai wata ba, ba a iya sani. Na tabbata na ce kada a taɓa shi. Hajara ma ta ce ta ji na faɗa. Amma ina jin na faɗe shi a tsakiyar wasu maganganu da yawa.

“Kai dai Sani, tambaya ɗaya,” in ji Yaya. “Batir zai mutu ko ba zai mutu ba?”

“Zai mutu, Yaya, amma ba a san...”

“Shi ke nan. Boko dai, a tambaye ku hanyar Bukuru ku fara da tarihin kuza.”

Ya shiga mota ya tafi. A sana'arsa, in aka ce batir ya yi sanyi, ba a jira ya kashe ka a hanya, canja shi ake yi. Bayan 'yan kwanaki ya ɗauki kaset ɗin a aljihu ya kai wa Obinna, mai gyaran rediyo da talabijin a bakin Tina Junction, wanda tun zamanin Baba shi ke mana gyara. Obinna ya kwance, ya ɓanɓare tsohon batir, ya liƙa sabo, aiki mai kyau. Yaya ya koma gida ya kunna don ya gwada, Inna tana unguwa. Gurbin ajiya ya fito wayam.

Da la'asar ya iso Daɗin Kowa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai zauna ba, bai karɓi ruwan da mamanku ta kawo ba, ya ajiye kaset ɗin a kan tebur ya ce in dawo da shi. Na ce ba ya dawowa. Ya ce in gwada mayar da tsohon batirin, yana aljihunsa. Na ce ba a cikin batirin yake ba. Daga baya na je wurin Obinna da kaina, don ina son in ji ko akwai wani abin da aka yi wanda ban sani ba. Ya ajiye abin da yake gyarawa ya riƙe kai.

“Malam Sani, ni na tambaye shi fa. Na ce Oga Auwalu, wannan kaset akwai abu a ciki? Ya ce Obinna canja kawai, ni direba ne, na san batir. Da na san na yaron Mama ne, ko hannu ba zan sa ba. Wannan yaro ni na gyara masa wayar gem sau nawa, kullum yana dariya.”

Ban riƙe Obinna da komai ba, kuma ina so ku sani.

Dabarar ta Yaya ce. Ya ce tunda kwamfutata tana yin wasan, in rubuta sunan, in kai ɗan mutumin bakin rafin, a ɓoye laftof a bayan talabijin, a bar tsohuwar na'urar a gaba da 'yar fitilarta a kunne. Idon Inna ya yi rauni, ba za ta gane ba. Kafin nan za a ce mata talabijin ce ta lalace. Na ce ina tsoro. Ya ce tsoron ne ya kawo mu nan. Wannan maganar ta yi min ciwo, kuma wataƙila ita ce ta sa na yarda.

Makonni na yi ina wasan, bayan an tashi aiki da ranakun hutu. Mamanku takan leƙo ta gan ni, magidanci da 'ya'ya, ina fafatawa da dodanni, ta ce, “Digirin ke nan?” Ban gaya mata dalili ba sai daga baya. Emuleta tana da sauƙin da Nasiru bai samu ba: kana iya ajiyewa a duk inda kake so, in ka faɗi ka koma baya kaɗan kamar ba a yi ba, kana iya sa tafiya ta yi gudu. Wuraren da na san ya yi watanni a kansu, yana riƙe abin dannawa da kumburarrun yatsu, ni na wuce su tsakanin azahar da la'asar. Ban ji daɗin haka ba ko kaɗan. Gidan bakin rafin kuwa ya ba ni wahalar samu, domin ba a kan hanyar wasan yake ba. Sai ka ratse, ka bi ta bayan wani dutse. Babu abin da ake samu a wurin, ba makami, ba dukiya. Abin da na lura kawai shi ne, a duk faɗin wannan yanki, nan ne kaɗai babu abin da ke zuwa ya doki mutum. Ko shi ya sa ya ajiye shi a can, Allah ne ya sani. Na tsayar da nawa a ƙofar, na juya fuskarsa yadda na tuna, na tambayi Hajara, ta ce haka yake.

Ranar da aka shirya, da hantsi ne, Inna ta riga ta tambaya sau biyu ko an gyara talabijin. Na zo da wuri na jona komai, na rufe laftof da ɗankwali a bayan akwatin. Ita tsohuwar na'urar ba ta kamawa sai an zare kaset an hura masa iska an mayar, wani lokaci sau da yawa, kuma hotonta yana da ɗan rawa da wani layi da ke gilmawa. Yaya ya zare kaset ɗin a gabanta, ya hura da ƙarfi har da tari, ya mayar, ni kuma na danna daga baya. Hoton ya fito nan take, tas, ba rawa, ba layi. Na yi tunanin rage masa kyau tun a gida, akwai yadda ake yi, amma na ji tsoron kada in wuce gona da iri, sai na bar shi.

Inna ta matso da kujerarta. Ta daɗe tana dubawa. Hajara tana bakin ƙofa, Yaya yana tsaye yana ta magana, wai Obinna ya wanke talabijin ɗin ciki da waje shi ya sa. Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai ta ce,

“Direba, yi shiru.”

Sannan ta juyo gare ni.

“Sani, kai ba ka iya ƙarya ba tun kana yaro. Nasa ne?”

Na sha juya wannan lokacin a raina. Da ta tambayi ɗakin gaba ɗaya, da na yi shiru Yaya ya amsa. Da ta ce, “Ya yi kyau ko?” da na ce ya yi. Amma sunana ta kira, kuma abin da ta tambaya shi ne ainihin abin. Ta taɓa gaya wa ƙanwar Baba dalilinta, cewa da hannunsa ya ajiye shi. In na ce e, to duk ranar da ta ce a kunna, aikin hannuna za ta zauna tana kallo tana yi masa addu'a, ni kuma ina bayan talabijin ina dannawa. Yaya yana yi min ido. Na ce,

“Wurin ne, Inna, sunan ma shi ne. Amma ni na kawo shi nan. Na Nasiru ya goge.”

Ba ta yi kuka ba. Ba ta tambayi yadda aka yi ba, ko wa ya yi. Ta ƙara duban allon kaɗan, ta ce,

“To kashe.”

Yaya ya fice ya buga ƙofa. Na kwance wayoyina, na yi mata sallama, ta amsa kamar kullum, har ta ce in gaida yara. A waje ya tare ni a jikin motarsa.

“Kalma ɗaya, Sani. E. Ko akuya aka koya wa za ta iya. Ka ji daɗi yanzu, Malam mai gaskiya? Ka kashe mata shi sau biyu.”

Na ce ba ni na kai wa Obinna ba. Ya ce wa ya zo da maganar batir gidan nan? Shekara da shekaru abu yana zaune lafiya, sai da na shigo da kwamfutata. Daga wannan maganar labarin da kuka ji ya samo asali. Kafin sati ya zagayo, dangi sun ji cewa Sani ya jona kaset ɗin Nasiru a kwamfuta ta zuƙe abin da ke ciki. Ya fi sauƙin faɗa, kuma mutanenmu dama suna zargin kwamfuta da irin wannan. Ban bi gida gida ina ƙaryatawa ba, domin in na yi, dole maganar ta koma kunnen Inna cewa ɗanta na fari ne, kuma na ga ta rasa abin da ya isa. Na ɗauka in ƙura ta lafa Yaya zai gyara da kansa. Bai gyara ba. 'Yar na'urar kwafar ta iso bayan wata guda ko fiye, tana nan cikin kwalinta a saman kabad ɗina, ban taɓa buɗewa ba.

Inna ba ta sake cewa a kunna mata komai ba. Ta sa Hajara ta naɗe na'urar a zani ta saka ƙarƙashin gado. Ta rayu shekara ɗaya da wani abu bayan haka, ina zuwa duk Juma'a, tana karɓata, muna hira a kan tsadar kaya da ciwon ƙafarta. Ko sau ɗaya ba ta tayar da zancen ba, ni ma ban iya ba. Wasu a dangi suna cewa daga ranar ta fara raguwa. Likita ya ce zuciya ce da shekaru. Ban san wanda zan gaskata ba. Ni da Yaya kuwa muna gaisawa a jana'iza da ɗaurin aure, hannu kawai. 'Ya'yansa sun taso da labarinsa, ku kuma kun taso ba ku da ko ɗaya, wannan kuma ni na jawo da shiruna.

Ba na neman a ce na yi daidai. Akwai ranakun da nake ganin da na ce e, da tsohuwa ta ƙarasa kwanakinta da abinta, ni in ɗauki nauyin. Akwai ranakun da nake ganin ta riga ta gane tun kafin ta tambaya, tana son ta ji ne ko akwai wanda zai gaya mata gaskiya a cikin 'ya'yanta. Abin da nake ƙi kawai shi ne a ce kwamfuta ta goge shi. Kwamfuta ba ta taɓa kaset ɗin nan ba. Ita ce ma da za ta cece shi, da an ba ni 'yan makonni.

Waɗanda suka shaida abin suna raye, in ban da Inna, Allah ya jiƙanta. Obinna ya tsufa, ɗansa ke zama a shagon, amma hankalinsa garau yake. Yaya Auwalu yana nan. Duk wanda ya ga na karkata a wani wuri, ko na rage, ko na ƙara don in wanke kaina, ya aiko min, zan sa gyaransa a ƙarƙashin wannan babi da sunansa, ba zan taɓa ko harafi ba, ko da na Yaya ne.

Akwai kuma gyara ɗaya da nake roƙo musamman. Bayan na fita daga ɗakin a ranar, Hajara ta zauna da Inna, kuma ta taɓa suɓutar baki ta ce min Inna ta yi magana a kaina. Na tambaye ta me ta ce, ta ce in bar shi. Na sake tambaya bayan rasuwar, ta ce ba yanzu ba. Ban sani ba ko albarka take ɓoye min don kada Yaya ya ji haushi, ko akasinta don kada ni in ji. Hajara, na haura hamsin, kuma kin san abin da likita ya ce game da jinina. Ko wanne ne, ki aiko min da shi yadda ta faɗa.